Yadda Za a Shirya Gayyar Teku a Bur Sudan da Sawakin

Yawancin Hausawan da ke zaune a Bur Sudan da Sawakin ba jikokin masunta ba ne. Kakanninmu mutanen tudu ne, manoma da fatake da almajirai, waɗanda hanyar Hajji ta kawo su bakin Bahar Maliya. Wasu suka haye zuwa Jidda, wasu kuma guzuri ya yanke musu, suka tsaya neman kuɗin jirgi har zama ya kama su. Wataƙila shi ya sa har yau da yawa daga cikinmu suke ɗaukar teku a matsayin hanyar wucewa, ko wurin shan iska da yamma a kan kurnish, wato titin bakin teku. Alhali kifin da muke saya a kasuwar Sigala daga cikinta yake fitowa, kuma tun da madatsar Arba'at da ke ba Bur Sudan ruwan sha ta ɓalle a watan Agustan 2024, ruwan da ake tacewa daga teku ya ƙara zama abin dogaro ga gidaje masu yawa a birnin. Wannan bayani ne ga matasan unguwa da kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin mata, kan yadda za su shirya yini guda na aiki da biki domin kare wannan ruwa. Na kira shi gayya ne domin abin da maƙwabtanmu suke kira nafir shi ne gayyarmu ta gida: a taru a yi wa jama'a aiki da safe, a ci abinci tare, a watse da farin ciki.

Abu na farko da za a yanke shi ne rana, kuma a nan ne masu shiri suka fi yin kuskure. Ranar Muhalli ta Duniya tana faɗowa 5 ga Yuni, Ranar Tekuna kuma 8 ga Yuni, don haka duk wanda ya duba intanet zai so ya ɗora bikinsa a kan ɗayansu. Amma wanda ya taɓa yin watan Yuni a Bur Sudan ya san cewa zafi yana haura digiri 40, ga gumi mai nauyi wanda ba ya bushewa, kuma tara yara da tsofaffi a bakin ruwa a irin wannan lokaci ganganci ne. Akwai dalilin da ya fi zafin ma ƙarfi. Damina a wannan gaɓa ba irin ta Gadarif ko Sinnar ba ce. Ɗan ruwan da ake samu, wanda a matsakaici bai kai milimita 100 a shekara ba, yana sauka ne daga wajen Oktoba zuwa Janairu, kuma yakan zo da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Idan ya sauka, sai ya bi kwaruruwan da ake kira hor, irin su Hor Mog da Hor Kilab, ya kwashe duk ledar da gorunan roba da baƙin mai da aka zubar a cikinsu tsawon shekara, ya juye a teku cikin dare ɗaya. Saboda haka lokacin da ya dace da gayya shi ne farkon Oktoba, kafin ruwan farko, lokacin da zafi ya fara sauƙi kuma sharar tana nan a tudu inda hannu zai iya kai mata. A zaɓi Asabar, domin a samu huɗubar Juma'a ta share fage.

Daga nan kuma ake gane wurin da za a yi aikin. Mutane sun fi son a je inda yashi yake da kyau, a tsinci ɗan abin da ke wurin, a ɗauki hoto. Ni shawarata ita ce a raba jama'a gida biyu, kaso mafi yawa su shiga cikin hor ɗin da ya ratsa unguwarsu, su bi shi daga bayan gidaje har bakinsa, kaɗan kuma su tsaya a gaɓar da yake zuba. Sharar da ke lalata teku a wannan birni ba daga jiragen ruwa kaɗai take zuwa ba. Mai yawa daga cikinta daga ƙofofin gidajenmu ta taso. Kada a zaɓi wuri mai tsawo. Mita 500 da aka share tas sun fi kilomita 3 da aka yi wa shafar mai.

Kafin a sanar da kowa komai, a warware tambaya guda: ina sharar za ta tafi, kuma wa zai ɗauke ta a wannan ranar? Na taɓa halartar wani aikin share gaɓa inda matasa suka yi ƙoƙari ƙwarai, suka cika buhuna da yawa suka jera su a gefen titi, bisa alkawarin baki da wani ya yi musu cewa mota za ta zo. Motar ba ta zo ba. Cikin kwana biyu awaki da karnuka suka yayyaga buhunan, iskar arewa ta mayar da ledar inda aka tsinto ta, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda yaran da suka yi aikin suka tsaya suna kallon wahalarsu tana komawa ruwa. Don haka a je ofishin tsafta na mahalliyya, wato ƙaramar hukuma, tun da saura wata guda, a nemi mota da sunan wurin da za a kai sharar, a kuma samu amsar a rubuce. Duk da haka a tanadi kuɗin hayar amalanke biyu ko uku, ko wata ƙaramar motar ɗaukar kaya, ko da ta hukuma ta makara. A yi magana da masu sayen hurda, waɗanda a gida ake ce wa 'yan gwangwan, su zo wurin da sikelinsu. Ƙarfe da gwangwani da gorunan roba duk kuɗi ne a wajensu, kuma abin da aka samu zai rage tsadar abinci. Kada a yarda a ƙona shara a bakin ruwa ko da an matsu, domin hayaƙin roba guba ne ga ƙirji, tokarsa kuma teku za ta koma.

Sai batun izini, wanda a wannan zamani ba abin wasa ba ne. Bayan da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 Bur Sudan ta zama mazaunin hukumomi da dama, ta cika da waɗanda suka baro gidajensu, kuma jiragen sama marasa matuƙi sun kai mata hari a watan Mayun 2025. A nemi takardar izini kafin a tara jama'a a bakin ruwa, kuma dole a nisanci tashar jiragen ruwa da rumbunan mai da wuraren soja. A gaya wa matasa tun farko cewa ba a ɗaga waya a ɗauki hoto ta fuskar waɗannan wurare. Dattijo biyu ko uku da aka sani a unguwa su ne za su kai takardar, ba samari kaɗai ba.

Yanzu ga abin da na fi ba muhimmanci a cikin shirin duka. Wannan gaɓa tana da masu ita tun kafin a gina Bur Sudan a farkon ƙarni na 20 a wurin da ake kira Marsa Shekh Bargut, tun ma lokacin da Sawakin take tashe da gidajenta na dutsen murjani. Ƙabilun Beja, irin su Amarar da Hadandawa da Bishariyyin, da Bani Amir, su ne suka san wannan ƙasa da ruwanta, kuma masuntan Salabona da na Sawakin sun san kowane sha'ab, wato tudun murjani na cikin ruwa, da sunansa. Idan muka tashi mu kaɗai muka kafa rumfa muka fara yi wa mutane wa'azi kan teku, za a ɗauke mu marasa ladabi, kuma da gaskiyar wanda ya ɗauke mu haka. Hanyar da ta dace ita ce a je wajen umda, wato basarake, ko shehin yankin da shugabannin masunta, a zauna a sha jabana, wato gahawa, kada a yi gaggawa, sannan babban cikinmu ya buɗe magana da Rayyis, wato shugaban masunta, da irin wannan lafazi: "Ya Rayyis, mu maƙwabtanku ne, kuma sharar unguwarmu tana zuwa inda kuke neman abinci. Muna so mu kwashe ta, muna roƙon ku nuna mana inda za mu fara, ku kuma tsaya a gabanmu ranar aikin." Wanda aka je masa da irin wannan magana da wuya ya ƙi. A gayyaci Nuba da sauran ƙabilun unguwa da waɗanda yaƙi ya kawo daga Hartum da Madani, a sa wakilansu cikin kwamiti tun daga zaman farko. Birnin nan ya ga rikicin ƙabilanci a shekarun baya, kuma bikin da ya fito da tambarin ƙabila ɗaya zai iya jawo abin da ba a nufa ba.

Kayan aiki ba su da yawa: buhunan da aka riga aka yi amfani da su, manjagara, shebur, baro, safar hannu mai kauri, da jarka ɗaya ko biyu da aka yanke wa baki domin zuba allurai da fasassun kwalabe. Kada a sayo sababbin ledoji domin a tara tsofaffi.

Lafiyar masu aiki kuwa tana bukatar a yi mata tanadi sosai. A fara bayan sallar asuba, a tsaya kafin ƙarfe 10, ko an gama ko ba a gama ba. Kowa ya sa takalmi mai rufi, domin a cikin ruwa mara zurfi akwai bushiyar teku mai dogayen baƙaƙen ƙayoyi, akwai kuma wani kifi da ya yi kama da dutse wanda dafinsa yake da tsanani. Idan ya soki mutum, a tsoma wurin cikin ruwa mai zafi gwargwadon abin da fata za ta iya jurewa, a garzaya da shi asibiti. A hana yara ɗaukar dodon koɗi mai siffar mazurari idan yana da rai, domin wasu irinsa suna harbi. Yara ƙanana su tsaya a tudu ƙarƙashin kulawar iyaye mata, kuma duk abin da ke cikin ruwa, kamar yagaggen taru da igiyoyin da suka maƙale a murjani, a bar wa masunta da jiragensu, huri da sambuk, domin mutanenmu da yawa ba su iya iyo ba kuma kunya takan hana su faɗa. A ajiye ruwa da sabulu na wanke hannu kafin cin abinci, ganin yadda kwalara ta yi ta yawo a ƙasar nan tun 2024. A nemi ma'aikacin jinya ɗaya daga unguwa ya zo da akwatinsa da ruwan gishiri da sukari. Duk tsohuwar tayar mota da gwangwanin da aka cire daga hor, an rage wa sauron da ke kawo zazzaɓin dengi wurin ƙyanƙyasa bayan ruwan sama, kuma wannan hujja ce da iyaye mata suke karɓa nan take.

Gayya ba ta zama biki sai an ji abin da zai zauna a zuciya. A roƙi limamai su taɓo batun a huɗubar Juma'ar da ta gabata. Ba sai an koya musu abin faɗa ba: aya ta 41 ta Suratur Rum tana maganar ɓarnar da ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, aya ta 14 ta Suratun Nahli tana ambaton ni'imar ɗanyen nama da kayan ado da ake fitarwa daga teku, kuma kowane almajiri ya san hadisin da ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. A ranar kanta, bayan an gama aiki an zauna a inuwa, a ba mutum biyu kawai dama su yi magana, kowanne minti 10. Na farko ya zama malami ko ɗalibi daga sashen nazarin teku na Jami'ar Bahar Maliya da ke nan birnin. Na biyu ya zama tsohon masunci, ya faɗa da bakinsa nisan da yake tafiya a da kafin ya samu kifin najil da sha'ur, da nisan da yake tafiya yanzu. A samu mai fassara tsakanin Larabci da Hausa da Bidawiyet, harshen Beja, domin kada tsofaffin mata su zauna ba su ji komai ba.

Ga kaɗan daga abin da ya kamata mai bayani ya isar, cikin harshen da yaro zai gane. Bahar Maliya kusan rufaffiyar teku ce. Babu wani kogi mai gudana duk shekara da yake zuba a cikinta, mashigarta ta kudu a Babul Mandab ƙunci gare ta, kuma rana tana shanye ruwanta har gishirin lita ɗaya ya kai kimanin giram 40, alhali a manyan tekuna kimanin 35 ne. Abin da aka zuba a irin wannan ruwa yana daɗewa bai fita ba. Murjani kuma, wanda muke gani kamar dutse, halitta ce mai rai, ƙananan dabbobi ne da suke zaune tare da wani tsiro mai ƙanƙanta a cikin jikinsu wanda yake ciyar da su da hasken rana. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima, ko laka da ƙazanta suka rufe shi, sai ya saki tsiron ya yi fari fat, idan abin ya daɗe ya mutu. Manyan dunƙulensa ba sa ƙaruwa da fiye da kimanin santimita 1 a shekara, don haka anga ɗaya da aka jefa ba bisa lura ba tana iya farfasa abin da ya girmi kakan mai jirgin. A cikin wannan murjani kifi yake haihuwa yake ɓuya. A gaya wa yara cewa Sanganeb, mai nisan kimanin kilomita 25 daga gaɓa, da Dungunab da tsibirin Mukawwar da ke arewa, hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, kuma a Dungunab akwai ɗan'uwan ayun da kakanninsu suka sani a kogunan Binuwai da Kwara, yana kiwo a ciyawar ƙarƙashin ruwa. A gaya musu kunkurun teku yakan haɗiye leda yana zaton abinci ne, ta toshe masa ciki. Na lura yara sun fi riƙe labarin ayu da na kunkuru fiye da kowane adadi.

Akwai wanda zai kawo shawarar a dasa shora, itacen nan da yake tsirowa cikin ruwan gishiri da saiwoyinsa a tsaye kamar ƙusoshi, wanda ƙananan kifaye da jatan lande suke girma a ƙarƙashinsa. Niyyar tana da kyau, amma ina ba da shawarar a yi hattara. Dashen da aka yi a wurin da bai dace ba mutuwa yake yi, wanda ya tsira kuma raƙuma suna cinye shi, domin ganyen shora abincinsu ne idan kiwo ya yi wuya. Ya fi amfani a tsince ledar da ta shaƙe saiwoyin itatuwan da suke raye, a kuma zauna da masu raƙuma a ji ko za su yarda a keɓe wani yanki na ɗan lokaci ya farfaɗo. Wannan tunani ba baƙo ba ne a wajenmu, domin a Argungu ma ana kame hannu daga kamun kifi a Matan Fada har lokacin biki, shi ya sa ake samun manyan kifayen da ake alfahari da su. Idan masana daga jami'a suka nuna wurin da dashe zai kama, sai a yi shi a wata ranar dabam.

Abinci shi ne inda za mu nuna namu, kuma shi ne inda bikin zai iya ƙaryata kansa. Ba daidai ba ne a kwashe leda da safe, a raba ruwa a leda da rana. A jera tuluna da randuna, irin zir ɗin da ake ajiyewa a sabil, wurin shan ruwa na sadaka, da kofunan ƙarfe. A kawo zoɓo da kunun kuka a manyan mazubai, a ci abinci a faranti rukuni-rukuni kamar yadda aka saba. Masu gasa naman agashe su kafa wutarsu, mata su dama kunun godo-godo, a sayi kifi kai tsaye daga masuntan da suka taya aiki, a roƙi maƙwabta Beja su gasa naman salat a kan duwatsu su kuma riƙe jabana, domin a nan ba mu kai su ba. A ba mata masu saƙar kaba wuri su baje guffa, wato jakar cefane ta kaba, da kwanduna da faifai, domin matar da ta koma zuwa kasuwa da guffa ta rage amfani da leda. Abin da ba za a sayar ba shi ne murjani da ƙoƙon kunkuru da busasshen kifin ado. Batun dufra, murfin dodon koɗin da ake sawa a humra, a bar wa matan da suke haɗa turare da masu tsintarsa su tattauna shi da masanin da aka gayyato, cikin mutunci, domin sana'ar mutane ce kuma ba a taɓa ta da tsawa a lasifika.

Wasanni su zama kaɗan kuma su dace da wurin: tseren huri idan masunta sun yarda, gasar zane ga 'yan makarantar boko da na allo, waƙoƙin yara, da kyauta ga rukunin da ya fi tara shara. Kyautar ta zama abin amfani, kamar guffa ko littattafan rubutu.

Kafin mota ta tafi, a auna buhunan a rubuta nauyinsu, a kuma zazzage guda 5 a kan tabarma a ƙirga abin da ke ciki: leda nawa, gora nawa, igiyar taru nawa, marfi nawa. Wannan ƙirgen shi ne zai nuna wa kwamiti ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Idan kofunan shayi na roba ne suka fi yawa, maganar tana wajen masu shayin kurnish, kuma sai a duba yadda za a taimaka musu su koma kofin gilashi. Idan jarkokin baƙin mai ne, sai a je wajen makanikai da masu injin jirgi a nema musu ganga guda da za su riƙa tarawa a ciki. A rubuta sakamakon a takarda ɗaya da Larabci da Hausa, a kai kwafi ga mahalliyya da shugaban masunta da limaman da suka yi huɗuba, a karanta shi a masallaci Juma'a mai zuwa tare da bayanin kuɗin da aka tara da yadda aka kashe shi, har zuwa fam na ƙarshe.

A wurin taron, kafin a yi addu'ar tashi, a naɗa mutum 6 ko 7 daga gidajen da suke bakin hor ɗin, maza da mata, a ba su manjagara da baro da suka rage su zama a hannunsu. Aikinsu shi ne su zagaya wurin kowace Asabar ta farkon wata, kuma washegarin ruwan sama na farko su je bakin hor ɗin tare da Rayyis su duba abin da ya sauko, su rubuta shi a littafin da aka yi ƙirgen farko a cikinsa.